Feshi na Uku

Sau biyu ke nan ana fesa wa fukafukan jirgin maganin hana ƙanƙara kamawa a filin jirgin sama na Queenstown. Da irin dusar ƙanƙarar yau, minti ashirin kawai maganin ke riƙewa, in ba a tashi ba sai a koma a sake. Kyaftin Rawiri Tamihana ya dubi agogo. Saura minti uku maganin ya sake, ga jirage biyu a gabansu, ga motar share titi tana ta jan jiki.

Da tsakar rana za a binne mahaifinsa a ƙauyensu. Kwana uku dangi na zaune da gawar, shi kaɗai ake jira.

"Kyaftin," in ji Bronwyn, mataimakiyarsa, "ɗan fari-fari ne kawai a kan fiffiken. Ni ban ga komai ba."

"Ke da ko shayi ya zube sai kin rubuta rahoto?" in ji Rawiri.

Ya leƙa taga. Dusar ta daina zamewa daga fiffiken, ta kama. Ya nemi izinin komawa, hasumiyar kula da jirage ta ce su ne na biyar a layin feshi. Ba zai riski jana'izar ba ke nan.

Sai ya ɗauki makirufo, ya ba fasinjoji haƙuri saboda an ɓata musu shiri.