Majinar Tarwaɗa

Tun da muka baro Gidan Goga ban sake wayar gari ba tare da gajiya ba. 'Yan bindiga sun kore shanun mijina, Malam Tukur, a yini guda, ba su bar masa ko maraƙi ba. Muka naɗe tabarmi, muka kwashi yara, muka sauka Talata Mafara wurin ƙanena Nazir, mai noman rani a bakin magudanar ruwan dam. Mutumin da ya tsufa yana asubanci cikin garke, sai ga shi zaune a ƙofar gidan ƙanen matarsa yana kallon masu wucewa.

Nazir ne ya ji tausayinsa. Ya haƙa rami a gefen gonar albasarsa, ya shimfiɗa tamfol, ya cika da ruwa, ya sayo 'ya'yan tarwaɗa daga Bakura ya zuba. Malam ya leƙa ramin kamar an nuna masa kashin kaji.

"Na ji, Barira, zan gwada," ya ce da ni. "Amma in kiwon ga bai yi ba, ruwa na sauka gida za ni in yi noma. In ya yi, in zamna."

Na san abin da komawa gida take nufi. Maƙwabcinmu ya koma gonarsa bara, har yau iyalinsa ba su ga ko takalminsa ba. Daga ranar nan na shiga yi wa kifi addu'a, ni da ban taɓa sanin kifi a ko'ina ba sai a tukunya.

Malam makiyayi ne na gaske, kuma da hannu yake kiwo. Saniya ba ta kwana bai shafa wuyanta ba, bai cire mata kaska ba, bai duba hancinta ba. A wurinsa dabbar da ke zubar da majina ta kamu, kuma makiyayin da ya gani ya ƙyale ba mutumin kirki ba ne. To da kifayen suka kai tsawon tafin hannu, sai ya kama ɗaya don ya san jikinta. Ta sulluɓe ta faɗa ruwa, ta bar masa hannu cike da yauƙi. Ya tsaya yana murza yatsunsa, fuskarsa ta canza.

"Majina ta. Dabbobin ga ba su da lahiya."

"Malam, haka tarwaɗa take," na ce. "Shekara nawa ina wanke ta da toka?"

"Ke ta tukunya kinka sani. Ni mai rai nika kiwo."

Shi ke nan aiki ya same mu. Kullum bayan ya dawo daga masallaci sai mu nufi gona, ya kwaso su da raga ya zuba a baho, ni in riƙe bahon, shi kuma ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana goge su da tsumma da 'yar toka har sai jikinsu ya daina santsi. Yana yi yana musu magana ƙasa-ƙasa, irin wadda yake yi wa maruƙa. Kashegari yauƙin ya dawo, ya ce ciwon ne ya yi ƙarfi, ya ƙara toka. Bayana ya riƙe, yatsuna suka tsattsage, amma na daure, don rabon da in ga Malam yana saurin fita da safe tun muna gida.

Ba a daɗe ba jikinsu ya fara yin ja-ja. Jan ya zama gyambo, gashin bakinsu ya guntule, suka daina rububin abinci. Kowace safiya sai mun tsame waɗanda suka juya ciki sama, Malam ya haƙa rami ya binne su, ya hana a ba ko kyanwa. Gajimare kuwa ya fara haɗuwa ta gabas da yamma, ni ina kallonsa ina tuna abin da Malam ya ce zai yi in ruwa ya sauka.

Da na ga kifin ramin ya kusa komawa rabi, na ce ko ya bi ni ko in tafi ni kaɗai. Muka sa 'yan kaɗan a bokiti muka hau mota zuwa Bakura, wurin wadda Nazir ya sayo su a hannunta, wata yarinya mai suna Hikima da ta karanci kiwon kifi take kuma ƙyanƙyasar su a bayan gidansu. Ta shimfiɗa mana tabarma, aka gaisa, aka tambayi hanya da gida da iyali da zaman haƙuri. Sannan ta jiƙa hannunta, ta ɗago kifi ɗaya, ta bi bayansa da yatsa.

"Baba, ina yauƙin jikinsu?"

"Ni nika goge shi, ɗiyata, kullum sahe," in ji Malam, har da gyara zama. "Ban taɓa tsallake rana ba."

Hikima ta dube shi, ta dube ni, ta mayar da kifin cikin ruwa a hankali. Na ga tana neman inda za ta ɓullo wa maganar ba tare da ta kunyata dattijo ba.

"Baba, ruwan ga da kaka gani cike yake da ƙwayoyin cuta, ko wane ruwa haka yake, ido dai ba ya ganinsu. Kihi cikinsu yaka kwana, cikinsu yaka tashi. Abin da ka hana su cin jikinai shi na yauƙin nan. Akwai wasu sinadarai ciki, furotin aka ce masu, jikin kihin ka yin su da kainai. Wani in ƙwayar cuta ta taɓa shi sai ya hwasa mata bango ta mace. Wani kama su yakai ya dunƙule su wuri guda, har jiki ya aiko da dakarunai su cinye su. In ka goge, ka bar hwata tsirara, ga kuma toka ta kankare ta. Kamun da kaka yi masu kullum ma wahala ta, kihin da ya wahala jikinai ba ya iya yin sinadaran da yawa."

Malam ya daɗe yana kallon bokitin. Ni kuwa haushi ne ya cika ni, na rasa wa zan ji wa, shi ko bayana da ya sha duƙo a banza.

"To mi zan yi masu yanzu?" ya tambaya.

"A ware masu manyan gyambo, a canza ruwa, a zuba ɗan gishiri, a rage abinci. Inna ma ta iya wannan. Kai dai, Baba, kar ka ƙara taɓa su."

"Ko da hannu jiƙe?"

"Ko da hannu jiƙe. Su za su warkar da kansu, in Allah ya so."

Muka ɗauki bokitinmu muka dawo Mafara.

Muka bi abin da ta ce. Ni na riƙa canza ruwa ina auna gishiri, shi kuma ya samu dutse a bakin ramin ya zauna, hannuwansa matse a tsakanin gwiwoyi. Wani lokaci kifi ya taso kusa da shi, in ga hannun ya motsa, sai ya mayar. Wasu sun ƙara mutuwa, sannan mutuwar ta tsaya. Gyambon ya fara rufewa, bayansu ya koma baƙi mai sheƙi, in an watsa abinci ruwan har tafasa yake. Na yi murna ƙwarai, na yi ta nuna masa. Shi kuwa sai ya gyaɗa kai kawai. Ya daina yi musu magana, daga baya ma ya daina rigana fita.

Ran da aka yi ruwan farko, da la'asar, na tarar da shi a zaure yana ɗaure fartanya da buhun irin gero da ya roƙa wurin Nazir.

"Malam, mi na na haka?"

"Jibi kasuwar Maradun, akwai mota. Daga can in samu mai babur."

"Alkawali munka yi. Ka ce in kiwo ya yi kana zamnawa. Ga shi ya yi."

"Ya yi, Barira, amma ba ni niy yi shi ba. Da ina kula da su mutuwa sukai, da na janye hannuna sunka tashi. Mi zan zamna in yi masu? Ke kin iya, ki riƙe."

Na yi faɗa, na yi kuka, na sa Nazir ya yi masa magana, har limamin unguwa na je wa. Ya saurari kowa da ladabi, ya yi godiya, bai kwance buhun ba. Ba fushi yake yi ba, da fushi ne da na san yadda zan lallashe shi. Mutum ne da ya gaji da zama hannu sake, ni kuma na gaji da tare shi.

Ranar kasuwar na raka shi tasha da safe. Ya shiga gaban mota, ya rungume buhun a cinya, ya ce in gaida yara, in kuma kar in cika wa kifin abinci. Motar ta tashi.

Daga tasha gona na wuce, don lokacin cinsu ya yi. Na watsa musu, suka taso suna wawaso, lafiyarsu ƙalau. Na zauna a bakin ramin da wayar Nazir a hannuna, wadda na ara ko Malam zai kira in ya isa. Nazir ya gaya mini in an wuce Maradun da ƙyar kira ke shiga, na kuma ji shi sarai, amma ban mayar masa da wayar ba.