Guzurin Ango

Da Kayalvili ta fito daga ɗakin matuƙi da safen nan, sai ta tarar an yi wa na'urarta kwalliya. An rataya mata sarƙar furanni, an shafa mata kwaɓin sandal, an ɗiga jan hoda a tsakiya, an jingina ta tsakanin injin jawo komar kifi da tukwanen girki, ta yi tsaye ƙerere kamar mai jiran a ɗauke ta hoto. Kayal ta buɗe baki za ta yi faɗa, dariya ta riga faɗan fitowa.

Na'urar doguwa ce, rawaya, ta kai taɓarya tsawo ta fi ta kauri, da siririyar eriya a ka. Aikinta nutso: ta sauka can ƙasan teku ta yi kwanaki tana bin ruwa, ta taso tana auna zafi da gishiri, ta leƙo ta faɗa wa tauraron ɗan'adam, ta koma. Irinta dubbai ne a tekunan duniya, kowace ƙasa ta jefa nata, labarin kuwa na kowa ne. Wani ofishi a Faransa ke riƙe da taswirarsu, kowace na'ura ɗigo guda. A taswirar akwai wani fili fayau gabas da Nagapattinam ta ƙasar Indiya, daidai inda guguwa ke tsayawa ta sha ruwan ɗumi ta yi ƙiba kafin ta faɗa wa garin su Kayal. Ta daɗe tana naci a ba ta na'ura ɗaya tak ta cike gurbin, har ma'aikatarsu ta gaji da ganin fuskarta ta ba ta, ta haɗa ta da jirgin kamun kifi na haya.

Masuntan jirgin kuwa Ango suke ce wa na'urar, don ya zo a akwati mai laushi, ba ya taɓuka komai, kowa kuma lallaɓa shi yake yi.

"Anna," wato yaya, ta ce da Kadiresan, mai jirgin, "mun iso wurin. Yanzu za mu saka shi."

Kadiresan yana tsaye cikin sabon farin zane, ya kashe inji tun da gari ya waye. "Yau? Ƙanwata, yau Ayuda Puja. Ko cokali ba ya aiki yau, balle ango."

Ba wai ta manta ba ne. Ita ma a gida da uwarta ta jera mata littattafai gaban fitila ta hana ta taɓawa. Lissafinta dai shi ne su gama su koma kafin ranar, iska ta tsare su a bakin gaɓa, ga shi ranar hutun kayan aiki ta riske su a tsakiyar teku. Wuƙaƙe, ƙugiyoyi, sifana, almakashi, duk an wanke an jera, kowanne da ɗigonsa ja. Furannin ma a cikin ƙanƙarar kifi aka ɓoyo su, shi ya sa jirgin ke ƙamshin yasmin da ƙarni a lokaci guda. Wayarta ta tauraro ce kawai ta tsira, don ta cusa ta cikin buhun shinkafa.

"Gobe da sassafe," in ji Kadiresan.

"Gobe ba ma nan. Ruwa yana jan mu kudu, kafin la'asar mun shiga ruwan Sri Lanka. Ofishin Faransa ya sanar da duniya cewa a ruwanmu za a saka shi. Idan muka tsallaka, ba ni da izini, sai dai in mayar da shi akwati."

"To ki mayar, mu dawo wani jiƙon."

"Wani jiƙon guguwa ta riga ta zo ta wuce."

Tatta Ponnusami, tsohon da ke musu girki, wanda ko haƙori ɗaya bai rage masa ba, ya miƙo mata gasasshiyar shinkafa da mazarƙwaila a ganyen ayaba. "Ci, jikata. Mace mai yunwa ba ta iya rigima da kyau. Wai in ya shiga ruwan, wane aikin zai yi? Ni ban ga hannu a jikinsa ba."

"Da farko babu. Sauka zai yi can ƙasa inda babu haske, ya kwanta kwana da kwanaki. Sai ya taso aikin ke farawa."

Tatta ya juya ya kalli Kadiresan. "Ka ji? Barci za shi. A nan rana na dukansa, ku kuna ta surutu a kansa. Wane hutu ya fi wancan?"

Sai jirgi ya kaure da gardama, irin wadda ake yi da baki cike da ayaba. Wani ya ce kwanciya a wurin aiki ai aiki ce. Wani ya ce in haka ne ƙaninsa da ke gadi a Chennai ya fi kowa wahala a duniya. Kadiresan ya yi ta shafa gashin baki, yana son ya ƙi, yana kuma son a ce shi ya yi hukuncin hikima. Daga ƙarshe ya ce a saka, da sharaɗin ba za a taɓa inji ko ƙarfe ba, da hannu za a sauke shi.

Kayal ta cire furannin, ta goge sandal daga bakin ma'aunin gishiri tana addu'a a ranta, ta tashi na'urar. Suka ɗauki Ango su huɗu suna waƙar rakiyar aure, Tatta na binsu yana kaɗa murfin tukunya da tafin hannu. Ita ta koma gefe tana duba lambobin wurin a waya, don ta aika wa Solen, abokiyar aikinta ta ofishin Faransa. Ta ji tsulum, ta ji tafi. Murna ta cika ta har ƙafafunta suka ƙi tsayuwa wuri ɗaya.

Suka jeru a gefen jirgi suna jiran ya nutse. Ango ya sunkuya, ruwa ya kai masa wuya, eriya ta fara shiga. Sai ya tsaya. Ya ɗan leƙo, ya sake sunkuyawa, ya sake tsayawa. A gefensa wani abu mai ruwan ƙasa yana rawa a kan ruwa.

"Tatta," in ji Kayal a hankali, "mene ne wancan?"

"Kwakwa ce. Busasshiya, mai kyau, ni na zaɓa."

"Me take yi a wuyansa?"

"Guzuri mana. Yaro zai yi tafiya mai nisa, ku sake shi hannu rabbana? Ku 'yan boko ba ku da tausayi."

Nauyin Ango an auna shi ne kamar zinariya, ƙwayar lemo ma tana iya hana shi sauka, balle kwakwa sukutum. Idan ya zauna a sama, ruwa zai kai shi hanyar manyan jirage, farfela ta raba shi biyu, kuma ba za a sake ba ta wani ba. Tsoro ya kama ta sosai, amma dariyar ba ta sake ta ba, har cikinta na ciwo.

"A ba ni wuƙa."

Babu wanda ya motsa. Wuƙaƙen suna jere cikin furanni, suna hutunsu.

"To wani ya shiga ya kwance."

"Guzurin da dattijo ya ɗaura?" in ji Kadiresan. "Ni dai ba da hannuna ba."

"Tatta, kai ka ɗaura, kai za ka cire."

"Ƙullin masunta ne, in ya jiƙa sai haƙori." Ya wangale mata baki, dadashi fal. "Ga shi nan, nemo."

Kayal ta tuɓe takalmi ta ɗauki rigar ruwa. Wani ya ce ita ma rigar tana hutu, Kadiresan ya ce riga tufa ce, ba kayan aiki ba, a bar yarinya. Shi da kansa ya ɗaura mata igiya a ƙugu, bai tsaya tambayar ko igiya na hutu ba, kuma babu wanda ya tuna masa.

Ruwan ɗumi ne kamar na wankan jariri, abin da ya kawo ta ke nan tun farko. Ta yi iyo irin na wadda ta koya a ɓoye, tana shan gishiri, masunta na ba ta shawarwari iri-iri daga sama, babu mai amfani ko ɗaya. Ta rungumi Ango. Zaren na ɓawon bishiyar ayaba ne, irin na saƙa furanni, Tatta ya ninka shi ya ƙulle tamau. Ta kafa haƙora. Igiyar ruwa ta ɗaga su ta sauke, kwakwa ta buge ta a goshi, aka yi shewa a jirgi. Ta sake cizo, tana jin ɗacin zaren, tana gurnani kamar kyanwa da ƙashin kifi, har ya tsinke.

Ango ya zame daga hannunta. Ta tsoma fuska ta bi shi da ido: rawaya, sai kore, sai wani duhu-duhu, sai babu. Ta ɗago da kwakwa a ƙirji, tana dariya tana kuka, ta rasa wanne ya fi yawa.

Suka jawo ta sama kamar babban kifi. Tana zaune a kan tulin koma, an lulluɓe ta da tawul, Tatta na mita cewa an tura yaro da yunwa, sai wayar ta yi ƙara. Solen ce. Ta ce saƙon Ango na ƙarshe kafin ya nutse ya iso, daga cikin ruwan Indiya, an shigar da shi. Ta tambayi me ya riƙe shi a sama haka. Kayal ta ce mata sallama yake yi da dangi. Sai ga ɗan hoton taswira ya biyo baya.

Kawuna suka taru a kan wayar. Ɗige-ɗige ko'ina, wajen Ostareliya, wajen Afirka, kamar an watsa gero. Kadiresan ya karɓa ya kai kusa da ido. Ya nemo bakin gaɓarsu da farce, inda gidansa yake da matarsa da 'ya'yansa, ya ja yatsa gabas cikin filin nan har ya tsaya a kan ɗigo guda.

"Shi kaɗai ne a nan duk faɗin wurin?"

"Shi kaɗai, Anna."

"Jiya fa, wa ke nan?"

"Babu kowa."

Kadiresan ya sake duban ɗigon. Ya daɗe riƙe da wayar da hannu biyu, jirgin na ci gaba da gangarawa kudu da injinsa a kashe.