Jine Tamanin da Lakar Tur'a

Jibo ɗan Gado bai taɓa ganin takardar da ta ɗaure shi ba sai ranar da ya je yin sallama.

Shekara uku ke nan yana kula da injin ruwa na wani mashru'in auduga, wato babban aikin noman ban-ruwa, a bakin kogi, kudu da Sinnar. Mai mashru'in ɗan kasuwa ne a Rufa'a, ba a ganinsa sai sau biyu a shekara. Mai faɗa a ji shi ne wakilinsa, Abdulmuttalib. Su suka tura Jibo birnin Madani ya yi wata shida yana koyon gyaran inji. Yanzu kuwa an fara gina dam a Damazin, ana neman makanikai, kuma albashin wata ɗaya a can ya kai na wata uku a nan.

Ya tarar da wakili a rumfar Hadizatu mai shayi, manoma sun kewaye shi. Da ya faɗi abin da ya kawo shi, Abdulmuttalib bai ko ajiye kofi ba. Ya aika aka ɗauko wata jakar fata, ya zaro takarda ya karanta da ƙarfi. Jibo zai yi wa mashru'i aiki shekara biyar. In ya tafi kafin nan, zai biya jine tamanin, kuɗin karatunsa da ci da kwana. In bai biya ba, a karɓe hawashar ubansa, wato gonar da mashru'i ya yanka wa Gado, wadda gidansu duka ke ci daga cikinta. A ƙasan takardar ga dangwalen babban yatsa, shuɗi, ya ɗan karkace.

"Shekara ukun da na yi fa?" in ji Jibo. "Ba a rage ko kwabo?"

"Takarda ba ta ce a rage ba, ya usta," in ji wakili, yana kiransa yadda ake kiran makanike a nan.

Jibo ya koma gida. Ya sami Gado a gindin itacen bedi yana gyara ƙotar fartanya.

"Baba, yatsanka ne?"

"Nawa ne."

"Ka jinginar da ni ba ka gaya mini ba?"

"Gonata na jinginar, don ka samu sana'a. Mi kake so in yi? In bar ka kana tsintar auduga har ka tsufa?" Gado ya buga ƙotar a ƙasa. "Shekara biyu ce ta rage. Ka zauna. Ba a ja da mai riƙe da ruwa."

"Kafin shekara biyu an cike gurbin Damazin."

"To a cike."

Jibo ya juya ya fita. Bai taɓa ɗaga wa tsohon murya ba, kuma ya ji in ya ƙara tsayawa zai yi.

Kwana biyu yana yawo kamar wanda aka sa wa barkono a takalmi. Ran Asabar ya koma rumfar Hadizatu. Wakili na can yana zage-zage, don ɗan kwangilar da ke yashe babbar tur'a, wato hanyar da ke ɗaukar ruwa daga inji zuwa gonaki, ya ce bana sai an ba shi jine casa'in. Ga lokacin sakin ruwa ya matso, tur'a kuwa ta cika da laka da ciyawa tun daga bakin inji har kan gada.

"Ka kawo kuɗin?" ya tambayi Jibo.

"Ba ni da su. Kuma zan tafi."

"To ka biya da laka!" Wakili ya nuna tur'a da sandarsa. "Ga ta nan. Ka yashe ta kafin Juma'a, in ba ka takardarka ka dafa shayi da ita."

Mutane suka yi dariya, don aikin yakan ci wa ɗan kwangila da mutanensa goma mako uku. Jibo bai yi dariya ba.

"Maimaita, ya wakili. Kunnena ya cika da ƙarar inji."

Abdulmuttalib ya ga ana kallonsa, daɗin dariyar ya ɗebe shi. Ya ɗaga hannu ya yi irin rantsuwar da mazan ƙasar ke yi in magana ta yi zafi: in bai cika ba, matarsa ta saku.

"Kun ji," in ji Jibo. "Inna Hadizatu, kin ji."

"Ni kurma ce, ɗana," ta ce tana fifita gawayi. "Amma wannan kam ta shiga."

Washegari Jibo ya hau kekensa zuwa kasuwar Sinnar, ya dawo a bayan lori ba keke, ba agogo. A madadinsu ya zo da awaki biyu, da buhun dawa, da ƙullin goro a cikin ganye. Goron ya fi awakin ƙona masa aljihu, don a wannan ƙasa daga nesa yake zuwa, tsoho kan raba ƙwaya ɗaya ya yi kwana uku da ita. Ya kai ƙullin wurin Mati, sarkin noman ƙauyen, ya durƙusa.

"Gayya nake kira, Sarki. Ran Laraba."

Mati ya buɗe ganyen ya daɗe yana kallo. "Gayyar gona na sani, na san ta ɗaki. Gayyar tur'ar wani mai kuɗi, ban taɓa ji ba."

"Ba tasa za a yashe ba. Wuyana za a kwance."

"Ka san wanda ya ci goron ga ba shi da sauran uzuri?"

"Shi ya sa na sayar da keke."

Mati ya ɗauki ɗaya ya gatsa.

Labari ya kai wa wakili. Ya sa aka gaya wa kowa cewa duk manomin da aka gani cikin tur'a, hawasharsa ce ta ƙarshe a layin ruwa bana. Sai dai goro ya riga shi shiga gidaje. Mati bai tsaya ƙauyensu kaɗai ba, ya aika har sansanonin 'yan ƙwadago na ƙetaren gada, waɗanda ba su da gonar da za a hana wa ruwa. A cikinsu da wuya ka sami gidan da Jibo bai taɓa gyara wa fitila ko keken ɗinki ko injin niƙa ba, bai kuma karɓi komai ba sai godiya.

Ran Laraba bayan sallar asuba ganga ta tashi. Jibo ya tsaya a bakin inji yana ƙirga, da ya wuce ɗari da ashirin sai ya bari. Mati ya raba tur'a gaba goma-goma, kowace unguwa da rabonta, masu shebur a ƙasa, masu kwando a sama. Mata suna ta tuƙa tuwo a inuwar gada. Makaɗi na bin gefe yana kiran sunan wanda ya yi gaba, yana tsokanar wanda ya miƙe yana dafa ƙugu.

"Kai Ɗanjuma, laka kake kwasa ko aurenta kake nema?"

Jibo na cikin laka har gwiwa, amma idonsa na kan hanya. Mutum ɗaya bai zo ba. Sai da rana ta take, ya ga an buɗa layi kusa da shi. Gado ne, ya naɗe wando, riƙe da tsohon sheburinsa. Bai dubi ɗansa ba.

"Matsa," ya ce. "Haka aka koya maka riƙon shebur a Madani?"

Kafin la'asar ɗin Alhamis tur'a ta fito fes, ƙasanta na ƙyalli, laka ta yi tudu a gefe biyu. Abdulmuttalib ya zo kan jakinsa, ya bi ta tun daga gada har inji yana neman inda aka tsallake. Bai samu ba.

"Wannan ba aikinka ba ne," ya ce. "Aikin mutane ne."

"A wurinmu wanda ya raba goro ya ciyar, aikinsa ne," in ji Mati.

Jibo ya fito daga tur'a, laka na zuba daga ƙafafunsa. "Ya wakili, kai ka koya mini inji da hannunka? Kuɗi kuka ba wasu suka koya mini, kuka ce bashinku ne. Ni ma na ciyar da wasu suka yashe. Jine casa'in aka nema a wurinka, tamanin kake bi na. Goman na bar maka."

Wakili ya dubi taron. Mutum ɗari da wani abu, kowa da shebur. Sai muryar Hadizatu ta fito daga baya.

"In aika a gaya wa uwargida ta fara ɗaure kayanta, ko kuwa?"

Wannan karon ba Jibo aka yi wa dariya ba. Abdulmuttalib ya buɗe jakar fata, ya jefo takardar ƙasa, ya juya jakinsa. Jibo bai sunkuya ba. Gado ne ya ɗauka, ya kakkaɓe ta, ya daɗe yana duban yatsansa a jiki, sannan ya ninke ta ya cusa cikin hula.

Ran Juma'a da safe Jibo ya tada inji karo na ƙarshe, ya tsaya har ruwa ya wuce hawashar ubansa, ya rataye ƙarfen murɗawa a ƙusarsa. Ya ɗauki ƙullin kayansa ya kama hanyar tasha a ƙafa. A kan gada ya ci karo da Mati, sai Mati ya tare shi da magana.

"Ran da na raba goro, har Damazin zan aiko maka da naka."

"Aiko, Sarki," in ji Jibo. "Ko a ƙafa zan zo."