Hujjar Alhaji Maharazu a Faranti

Alhaji Maharazu dillalin masara ne a Dayi, kuma abu biyu ne ba ya ƙauna a duniya: tafiya a ƙasa da nama mara kitse. Masallacin ƙofar gidansa ma, da ba don idon mutane ba, da babur zai riƙa zuwa. Da numfashi ya fara yi masa gardama, aka kai shi asibiti a Funtuwa. Likita ya ɗora masa na'ura a ƙirji, ya ce kitse ya naɗa wa zuciyar rawani daga sama, ya bi kwarin da jijiyoyin jini ke bi, ya kuma yi shimfiɗa a gaba ta hannun dama. Kowa yana da kaɗan, in ji likitan, amma na Alhaji ya wuce gona da iri. Ya hana shi maiƙo.

Haushi ya turnuƙe Alhaji, don Babbar Sallah ta ƙarato. Shi ne mai layya, shi ke buɗe baki da gashin hanta da zuciya a gaban 'yan majalisarsa duk shekara. A ce bana ya zauna yana tauna zogale kamar akuya?

Ranar Sallah, ana feɗe ragon ya sa aka kawo masa zuciyar a faranti. Yana juya ta sai ya daka tsalle. To, ya ɗan motsa dai. Ga farin kitse ya kewaye ta daga sama, ga shi ya gangaro ta kwarin, daidai yadda likita ya faɗa.

"Jama'a, ku duba! Irin tawa ce sak. Kun taɓa ganin ragon nan yana haki? Jiya ma sai da ya kai Malam Talha mai shayi ƙasa!"

'Yan majalisa, da tuni idonsu ke kan garwashi, suka rantse Alhaji ya fi likitan karatu. Aka gasa, aka barbaɗa yaji, aka miƙa masa.

Sai yayarsa Gwaggo Rabi'atu, wadda ta zo daga Malumfashi yin Sallah, ta leƙo daga zaure.

"Maharazu, ragon nan ya tsufa kuwa?"

"Haba Yaya, ɗanye shataf ne."

"To ai bai samu ganin ƙarshen zancen ba, wuƙarka ta riga kitsen. Kai kau ba mai yanka ka, ɗan uwana. Sai ka zauna ka jira naka."

Ta koma ciki abinta. Tsoro ya kama Alhaji har cikin ƙashi. Ya mayar da naman cikin faranti, ya dafe ƙirji, ya sunkuyar da kai yana sauraren bugun. Kafin ya ɗago, masu ba shi gaskiya sun lashe farantin tas, har suna tambaya ko ƙodar ta gasu.