Giris a Kan Batir

Tun da hantsi Baba Direba yake tsugune gaban cajar batir, ya zuba wa allurarta ido kamar mai jiran tukunya ta tafasa. Allura kuwa ta yi kwanciyarta, ko gezau.

Shekara biyu ke nan motarsa na fake a tsakar gida, tun ciwon da ya taɓa masa ƙafar hagu. Babban ɗansa ya gaji da ganinta, ya kira mai sayen tsofaffin ƙarafa ya zo da azahar. Da ƙyar Baba ya samu aka yi sharaɗi: in ta tashi kafin mutumin ya iso, ta zauna, in ta ƙi, a kai ta a yanka.

Ya zuba sabon mai tun jiya. Yau ya sauya soket, ya duba fis, ya bubbuga cajar har sau uku, har da yi mata faɗa. Ana cikin haka sai ga 'yarsa, wadda ake kira Injiniya saboda aikin haɗa sola take yi.

"Baba, sannu da fama. Me ta ce?"

"Me za ta ce? Cajar zamani ce, ba ta san manya ba."

Injiniya ta cire haƙoran cajar biyu, ta ɗan goga su da juna. Tartsatsi ya yi tsalle.

"Ai lafiyarta ƙalau." Ta taɓa kan batir, ta ɗago yatsa baƙi ƙirin, yana maiƙo. "Baba, wa ke lafta wa wannan giris?"

Baba ya gyara hula. "Wa kuwa in ba ni ba? Duk mako sai na shafa. Haka maigidana ya koya mini. Shekara biyu tsatsa ba ta ga kan batir ɗin nan ba."

"To, wuta ma ba ta gan shi ba."

Dariya ta ƙwace masa, har da tari. Su biyu suka duƙufa, ita da tsumma, shi da samfefa, takardar gurza ƙarfe, sai da dalmar kan batir ta fito fes. Ta maƙala haƙoran. Allura ta yi rawa, ta ɗaga.

"Ta ci! Wallahi ta ci!" Baba ya miƙe ba sanda, yana ƙwala wa duk mutanen gida kira su zo su gani. Daga nan bai zauna ba. Abinci ma a tsaye ya ci shi, ido na kan allura.

Mai ƙarafa na yin sallama a ƙofa, Baba na murɗa makulli. Motar ta yi tari, ta yi shiru. Ya sake. Sai ta ɗauka da ruri, hayaƙi ya turnuƙe gidan, mata na shewa. Babban ɗan ya fita don ya ba baƙon haƙuri, yana sosa ƙeya.

"A buɗe ƙofa!" in ji Baba, murna ta cika shi fal.

Ya ɗora ƙafar hagun a kuloci, ya danna. Kuloci bai motsa ba. Ya cije leɓe ya sake dannawa, ƙafar ta yi rawa, ta zame. Cikin hayaniyar ba wanda ya lura sai Injiniya, ita ma ta kau da kai.

Ya ɗan jima riƙe da sitiyari. Sannan ya ja jiki a hankali ya koma kujerar gefe.

"Zo ki ja mu," ya ce. "Ki lallaɓa giya ta biyu, tana da gardama."