Kwanar da ke Titin Tirwun

Habila ya taka burki, katafilar ta tsaya saura taku uku ta kai ga duwatsun. Tsofaffin duwatsu ne jere a da'ira, ciyawa ta cika tsakiyarsu, daidai inda titin sababbin gidajen Tirwun zai bi.

Baffa, tsohon da ya sayar da gonar, yana tsaye a gefe. Bai roƙi kowa ba.

"Shekara hamsin ina noma a nan," ya ce, "ban taɓa sa fartanya a ciki ba. Ko kara ba ma tsinta. Kufai ne, ɗana, amma da masu shi."

Habila mutumin coci ne, a baki dai ba ya tsoron aljanu. Sai dai a ƙauyensu ma akwai irin wannan wuri, kuma har uwarsa ta rasu ba ta taɓa nuna shi da yatsa ba. Ya kashe injin.

Musaddiq, shugaban ma'aikata, ya taho yana kumfar baki. "Ko ka rushe, ko ka ba ni makulli ka kama gabanka!"

Wata takwas Habila ya yi yana zaman banza kafin ya samu aikin nan, ga matarsa da tsohon ciki. Tsoro ya kama shi sosai. Haka nan ya sauko ya miƙa makullin.

Hayaniyar ce ta jawo Injiniya Lilian, mai kula da aikin. Ta saurara, ta zagaya duwatsun ta waje.

"A ƙasar Ailan, inda na yi karatu, akwai irin wannan a gonaki," ta ce. "Manoma ba sa taɓawa. Sun ce gidan mutanen ɓoye ne."

"Turawa?" in ji Baffa.

"Turawa, Baba." Ta juya ga Musaddiq. "Ai ka iya tuƙi, ga makulli a hannunka. Hau mana."

Musaddiq ya dubi duwatsun, ya dubi makullin. Nan take ya tuna yana fama da ciwon baya.

Lilian ta karɓe makullin, ta mayar wa Habila, ta zaro biro ta lanƙwasa layin titin a taswirar aikin, ya kauce wa duwatsun.

Har yau masu keke napep in sun iso kwanar sai sun yi tsaki, su ce direban da ya fitar da titin nan bai iya aiki ba. Habila yakan ji su daga kujerar baya, ya ce, "Gaskiyarku."