Hannun Usaina

An ce idan ƙaya ta soki Usaina a Kara, Hassana ce ke ɗingishi a Gude. Tagwaye ne, kuma tun suna goye ake ba da wannan labari.

Hajiya Zubaidatu, tsohuwar malamar kimiyya a Gwarzo, dariya kawai take yi wa zancen. Ta daina dariyar ranar da ta ji Usaina, matar jikanta Haladu, ga tsohon ciki, ga kumburin ƙafa, ga ciwon kai, amma an ƙi kai ta asibiti.

"Mun kira Hassana, Hajiya," in ji Haladu a waya. "Ta ce garau take. Da akwai matsala ai da ta ji a jikinta."

Washegari Hajiya ta hau mota sai Gude. Ta tarar da Hassana tana tankaɗe. Da suka gama gaisawa, ta yi istigfari a ranta, ta shirga ƙarya.

"'Yar'uwarki ta ƙone a hannu da safen nan."

Hassana ta saki rariya. "Wayyo, shi ya sa! Tun ɗazu hannuna ke zugi."

"Wanne?"

Ta dubi wannan, ta dubi wancan. "Na dama... a'a, na hagu."

Hajiya ta taso ta zuwa Kara, tana ta shirya yadda za ta kunyata Haladu da hujja. A tsakar gida suka tarar da Usaina zaune a tabarma, bayan hannunta na hagu ya yi bororo.

"Ruwan koko ne ya zubo mini da safe," in ji ta.

Matan gida suka ɗauki salati. Hajiya ta tsaya da jaka a hannu. Ita ce fa ta ƙirƙiro ƙunar nan a Gude. To wa ya ji na wa? Ko ita ce ta gani? Ta so ta lissafa mata nawa ke ƙonewa a murhu kowace safiya a Kara, lissafin ya ƙi tsayawa.

"Kin gani ko, Hajiya?" Haladu ya ce yana murmushi. "Yau boko ya sha ƙasa."

"Ban san abin da na gani ba. Hassana, kanki na ciwo?"

"A'a, Hajiya."

"Usaina, naki fa?"

"Kamar zai tsage. Har wani hazo nake gani."

"Nemo mota, Haladu."

"Amma ai Hassana ta ce..."

"Na ji ta. Nemo mota, ja'iri, ko in goya ta da kaina."

A asibiti ma'aikaciyar jinya ta auna Usaina, ta sake aunawa, sannan ta fita da sauri kiran likita. Hajiya ta roƙa a auna Hassana ita ma.

Jinin Usaina ya hau sosai, aka ba ta gado nan take. Na Hassana lafiya lau.